Wane Makirufo Zan Saya? Kwatancen Masu Sauƙin Kuɗi Don Aikin Murya da Rediyo

Yanzu masu neman makirufo ba mawaƙa ba ne kaɗai. Akwai mai karanta talla da sanarwa yana kai wa gidajen rediyo, akwai mai karanta littattafan Hausa yana ɗorawa a YouTube, ga malamin da ke son karatunsa ya fita fes, ga masu ɗora murya a finafinan fassara, ga kuma matasan da suka sayi filin rabin awa a wata tashar FM suna haɗa shirin a gida. Tambayarsu ɗaya ce: kuɗina bai kai na manyan sitidiyo ba, wanne zan ɗauka? Sai dai yawanci kafin su yi tambayar, idonsu ya riga ya faɗa kan wanda ya fi kama da na sitidiyo a hoto, mai ƙaton kai, rataye cikin zobe mai tare girgiza, da ragar tare iska a gabansa.

Bari in faɗi inda na karkata tun da wuri. Ga mai aiki a irin ɗakunanmu, masu tayil da bangon siminti, da fanka a sama da janareton maƙwabci a bayan taga, wancan mai kyan hoton shi ne ya fi saurin ba da kunya. Zan kawo dalili, sannan mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Farashin da zan ambata na shagunan waje ne da dala, a lokacin da na yi wannan rubutu, a kan kusan-kusan, tunda na naira yana bin canji ne, kuma da kuɗin dako a kansa.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma mafi nauyi, ɗakin da za ka yi aiki a ciki. Makirufo gida biyu ne. Akwai dainamik, wanda a cikinsa wata siririyar fata ce aka manna wa naɗin waya, naɗin yana zaune a tsakiyar maganaɗisu. Murya ta kaɗa fatar, naɗin ya motsa, 'yar wuta ta samu, ita ce sautin. Ba ya neman wuta daga ko'ina, kuma sai an matso kusa yake ji sosai. Akwai kuma kondensa, mai faranti biyu dab da juna, ɗaya siriri ƙwarai. Shi ba ya aiki sai an tura masa wuta, wadda 'yan sana'a ke kira fantom, za ka gan ta a jikin na'ura an rubuta 48V. Kunnensa ya fi kaifi nesa ba kusa ba: ƙarfin sautin da AT2020 ke fitarwa ya ninka na SM58 wajen sau takwas a kan murya iri ɗaya.

Kaifin kunne abin so ne a ɗakin da aka gyara. A ɗakin da ba a gyara ba kuwa, duk abin da kake ji shi ma yana ji, har da wanda kai ka saba da shi ka daina lura: hon ɗin adaidaita sahu, injin niƙa na layin baya, ƙarar fankar kwamfuta, da muryarka da ta bugi bango ta dawo. Sirrin dainamik ba wani tsafi ba ne, kusanci ne. Duk sanda ka rage tazarar bakinka da makirufo da rabi, muryarka tana ƙaruwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), hayaniyar ɗaki kuwa tana nan yadda take. Wanda ke magana daga santimita 30, in ya dawo santimita 7 ko 8, ya tsere wa hayaniyar da desibel 12 ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Dainamik an yi shi ne don a yi magana a bakinsa, da soso da raga a cikinsa. Kondensa in ka matso haka, motsin harshe da tsinkewar miyau da numfashi duk sai su shiga.

Gwajin ɗaki ba ya cin kuɗi. Tsaya inda za ka zauna, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wata 'yar wutsiya ta bi tafin, kamar ƙarar langa, to ɗakin yana amsa-kuwwa, kuma kondensa zai kwashe ta duka.

Na biyu, kuɗin gaba ɗaya, ba kuɗin makirufo kawai ba. Mai ramin USB kana soka shi a kwamfuta shi ke nan. Mai ramin XLR, wato mai haƙora uku, ba ya shiga kwamfuta kai tsaye, sai da akwatin haɗa sauti, wanda wasu ke ce wa intafes, wasu saun kad. Mai sauƙi irin Behringer UMC22 yana kaiwa dala 50 zuwa 60, Focusrite Scarlett Solo kuma wajen 130 zuwa 140. Sai kebul, sai ƙafa ko hannun da zai riƙe makirufon, sai hedfon. Nan ne makirufon dala 100 yake komawa aikin dala 200 ko fiye. Amma XLR yana da ladansa: wayarsa tana kashe ƙugin wuta da kanta ko da ta yi tsawo, kuma yawancin miksa, wato na'urar haɗa muryoyi, da ita suke aiki.

Na uku, wuta. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma in cajar kwamfuta ba ta kirki ba ce, ko ana kan janareto ko inbata, wannan kaɗawar takan shigo cikin sauti kamar wani ƙugi a ƙasa-ƙasa. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a zare caja a ɗauka da batir. Saboda haka kayan da ke shan wuta daga USB ko batir sun fi waɗanda sai an jona su a bango.

Sai ƙarko. Ƙurar hunturu da laimar damina ba sa raga wa kondensa. Ƙura ta zauna a kan farantin, tururin baki ya same ta, sai ka fara jin ƙas-ƙas ko sautin ya riƙa ɗaukewa. Dainamik bai cika damuwa da wannan ba. Sai jabu, wanda zan yi maganarsa a inda ya fi yawa.

Akwai abu guda da masu talla ba sa faɗa. Tashar FM tana yanke sauti a wajen hertz 15,000 (hertz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa, gwargwadon yawansa gwargwadon siririn sautin), gajeren zango da matsakaicin zango kuwa ko rabin haka ba sa kaiwa. Mai sauraronka kuma da ƙaramar rediyo yake ji, ko da lasifikar waya. Wancan siririn sautin sama da ake biyan kuɗi dominsa a kondensa, da yawansa ba ya isa kunnen kowa.

BM-800 da akwatin V8

Shi ne ya cika kasuwa, daga Sabon Gari ta Kano har Alaba ta Legas, kuma shi ne mafi yawan mutane ke farawa da shi. Da dala 20 zuwa 30 sai a ba ka kwali guda: makirufo mai ruwan zinare, hannu, zobe, raga, wani lokaci har da akwatin V8 mai maɓallan tafi da dariya. Ba kamfani ɗaya ke yin sa ba, masana'antu barkatai ne ke buga sunan, don haka biyu masu kama ɗaya ba lallai su yi sauti ɗaya ba. In ka kwance kan, za ka tarar ƙaton gidan nan 'yar ƙaramar ƙwaya ce kawai a ciki. Wayar da ke zuwa da shi kuma bakinta ɗaya irin na hedfon ne, ba ta kashe ƙugi. Sakamakon shi ne shuuu a bayan murya, ga kwasar hayaniyar ɗaki irin ta kondensa, ba tare da tsabtar kondensa ba. V8 ɗin an yi shi ne don masu hira kai tsaye a TikTok da Facebook, kuma a nan yana biyan buƙata. Amma tallan da za a kai gidan rediyo a biya ka, araha ba ta ado.

Behringer XM8500

Wannan shi ne wanda ake rainawa. Dainamik ne na hannu, jikinsa ƙarfe, kuɗinsa wajen dala 25, yana zuwa cikin 'yar akwatin roba da mariƙinsa. Ba shi da maɓalli, ba shi da wani ado. Sautinsa yana da ɗan kauri a ƙasa, yana kuma jin motsin hannu, don haka a ɗora shi a ƙafa, a sa masa soso. Ba ya shiga kwamfuta sai da akwatin haɗi, wato shi da UMC22 da kebul za su tashi wajen dala 90. Inda ya fi kowa shi ne in ana buƙatar uku ko huɗu a lokaci guda, kamar shirin tattaunawa. A kuɗin SM58 ɗaya sai ka cika teburi da shi.

Samson Q2U

In da za a ce in zaɓar wa mai farawa guda ɗaya ba tare da na ga ɗakinsa ba, wannan zan nuna. Dainamik ne mai ramuka biyu a gindinsa, USB da XLR, ga ramin hedfon da za ka ji kanka kana magana ba tare da jinkiri ba. Wajen dala 70 ne, kuma cikin kwalin akwai 'yar ƙafar teburi da soso da wayoyin duka biyu. Yau ka soka shi a kwamfuta, ko a wayar Android ta hanyar 'yar mahaɗar OTG. Gobe in Allah Ya hore ka sayi miksa, shi ɗin dai za ka ci gaba da amfani da shi. Har ma ana iya amfani da ramukan biyu a tare, ɗaya ya tafi miksa, ɗaya ya tafi kwamfuta ya zama ajiya.

Rauninsa biyu ne. Ramin USB ɗin ƙarami ne, in ana yawan zarewa da sokawa ko ana barin waya tana rinjayarsa, shi ne zai fara sakin jiki, ko da yake ko ya mutu XLR yana nan. Sannan yana jin bugun iska. Mu da muke furta "f" da leɓɓa biyu, iskar da ke fita a farkon magana irin "fara" ko "fita" tana dukansa kai tsaye. A sa soson, a kuma karkatar da shi ya dubi gefen baki maimakon tsakiya. 'Yar ƙafar da ke zuwa da shi gajera ce, tana sa mutum ya yi nesa da shi, wanda hakan ke rushe amfanin dainamik. Ɗora ta a kan littattafai har ta kai haɓa. Audio-Technica ATR2100x ɗan'uwansa ne a tsari, in shi ka samu babu laifi.

Shure SM58

Tun 1966 ake yin sa, kuma da wuya ka shiga wurin taro ko gidan rediyo a duniya ba ka ci karo da shi ba. Wajen dala 100 ne. Ana kallonsa a matsayin na dandali, amma don magana a ɗaki mara gyara ya fi kondensa masu tsada da yawa. Yana ji daga hertz 50 zuwa 15,000, wato daidai iyakar FM. An ɗan ɗaga masa tsakiyar murya, shi ya sa kalmomi ke fita rarrabe ko a ƙaramar rediyo. A cikinsa akwai abin da ke shanye girgizar hannu, kuma ragar kansa an yi ta ne ta loɓa in ya faɗi don ƙwayar ta tsira. In ta loɓa, kwance ta ake yi a ɗaura sabuwa. Irin kayan da ake cewa sayen nagari mai da kuɗi gida ke nan, domin ko bayan shekaru ka so sayarwa, akwai mai saye.

Haɗarinsa guda ne, amma babba: yana cikin makirufon da aka fi buga jabunsu a duniya. Kwalin iri ɗaya, tambarin iri ɗaya, jakar iri ɗaya. Abin da ya fi saurin tona asiri shi ne farashi. Sabon SM58 a rabin kuɗinsa ba sa'a ba ce. Na asali yana da nauyin kusan giram 300, yana cika hannu, jabun sau da yawa fayau yake. In ka riƙe shi kana murza yatsu a jikinsa, na asali ɗan motsi kaɗan za ka ji a hedfon, jabun kuwa gurgur zai yi ta yi. Wanda ba shi da amintaccen dila, gara ya sayi XM8500 na gaskiya da ya sayi SM58 na ƙarya, don na farkon ya fi shi sauti kuma ya fi shi araha.

Rode PodMic

Na kamfanin Ostareliya ne, wajen dala 100, dainamik mai XLR, an yi shi musamman don magana. Yana da siffar na gidan rediyo, abin da ke da amfani in shirin naka har da bidiyo. Ragar tare iska tana cikinsa. Sai dai nauyinsa ya kusa kilo guda, hannun nan mai araha da ke zuwa da BM-800 ba zai ɗauke shi ba, sunkuyawa zai yi ta yi a tsakiyar shiri. Yana kuma son akwatin haɗi mai ƙarfi. A kan ƙananan, sai ka murɗa maɓallin ɗaga murya kusan ƙarshe, a nan kuma shuuu ke fara leƙowa, musamman ga mai sanyin murya. Lissafinsa na gaskiya, da hannu mai kyau da akwati, ya haura dala 250.

AT2020 da Rode NT1

Ga kondensa na gaske masu sauƙin kuɗi. AT2020 wajen dala 100 ne, yana neman 48V, ba ya zuwa da zobe ko kebul ko raga. Ta gefe ake yi masa magana, ɓangaren da tambarin yake, ba ta ka ba. Wannan kuskuren ya yawaita, har da masu makirufon USB ɗin nan Blue Yeti, sai ka ga mutum ya nuna kan makirufon ga bakinsa yana mamakin me ya sa muryarsa ta yi nisa. Sautinsa a buɗe yake, mai haske, amma yana da ɗan shuuu na kansa, desibel 20 a takardarsa.

NT1 Signature wajen dala 160 ne, da zobensa da ragarsa da kebul a kwali, shuuu ɗinsa kuma desibel 4 kacal, wanda kusan babu ne. Ga mai karanta littafi da murya ƙasa-ƙasa, ko mai ɗora murya a fim inda ake son a ji numfashi da rawar murya, a nan ne za a ji bambanci da dainamik. Sharaɗin dai ɗaki ne. Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba: kafet a ƙasa, labule mai kauri, katifa a jingine a bayanka, ko ka zauna kana fuskantar buɗaɗɗen wadirob cike da kaya. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango bai cika yin komai ba, siririn soso kuma yana rage amsa-kuwwa kaɗan amma ba ya tare ƙarar waje ko kusa. In an gama aiki, a mayar da makirufon jakarsa da 'yar ƙunshin nan mai tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Shure SM7B da Electro-Voice RE20 da ake gani a manyan tashoshi dainamik ne su ma, abin lura ke nan. Amma dala 400 zuwa 450 ne kowanne, SM7B kuma yana neman ɗagawa ta wajen desibel 60, abin da kan tilasta ƙarin wata na'urar. Ba sa cikin wannan lissafin.

| Makirufo | Iri | Haɗi | Kusan dala | Sai da me | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| BM-800 | kondensa | ƙaramin baki | 20–30 | V8 ko makamancinsa | rauni | shuuu, rashin tabbas |
| XM8500 | dainamik | XLR | 25 | akwati, kebul, ƙafa | mai kyau | motsin hannu |
| Q2U | dainamik | USB da XLR | 70 | babu | matsakaici | ramin USB |
| SM58 | dainamik | XLR | 100 | akwati, kebul, ƙafa | sosai | jabu |
| PodMic | dainamik | XLR | 100 | akwati da hannu masu ƙarfi | sosai | ƙarin kashe kuɗi |
| AT2020 | kondensa | XLR, 48V | 100 | akwati, raga, gyararren ɗaki | matsakaici | hayaniya, ƙura |
| NT1 Signature | kondensa | XLR, 48V | 160 | akwati, ƙafa, gyararren ɗaki | matsakaici | hayaniya, laima |

Wa ya dace da wanne

Mai farawa shi kaɗai, da kwamfuta ko waya, a ɗakin kwanansa, yana karanta sanarwa ko littafi ko yana shirin hira: Q2U. Rarar kuɗin ya sa ta a hedfon mai rufe kunne da hannu mai kyau. Manhajar Audacity kyauta ce, ta isa yanka da gyara.

Mai yawo da kayansa, yau a masallaci wurin tafsiri, gobe a ɗakin taro, jibi a sitidiyon wata tasha: SM58 in ya tabbatar da asalinsa, in bai tabbatar ba XM8500.

Masu shirin tattaunawa na mutum uku ko huɗu su sayi XM8500 kowa da nasa, su haɗa da Zoom PodTrak P4. Wannan 'yar na'ura tana da ramin XLR huɗu da na hedfon huɗu, tana ɗauka a katin SD ba sai da kwamfuta ba, tana aiki da batir AA biyu ko fawa banki, ana kuma jona mata waya don baƙon da ke nesa. Ɗauke wuta ba ya tsayar da shirin. Kada a yi gangancin ajiye kondensa ɗaya a tsakiyar teburi a ce kowa ya yi magana, ɗakin za a ji, ba mutanen ba.

Mai shirin da za a gan shi a bidiyo, wanda kuma yake da akwati mai ƙarfi tun asali: PodMic.

Mai ɗora murya a fim ko mai haɗa talla da kiɗa, wanda ya riga ya gyara ɗaki, ya tafa hannu bai ji wutsiya ba, kuma yana iya kashe fanka ya jure zafi na minti ashirin: NT1, in kuɗin bai kai ba AT2020 da raga.

Wanda kuma ya riga ya sayi BM-800 kuma babu halin canzawa yanzu, ya kashe amsa-kuwwar V8 ɗin gaba ɗaya, ya matso kamar faɗin tafin hannu da raga a tsakani, ya juya bayan makirufon ga taga ko inda ƙara take fitowa, ya rataya bargo a bayansa, ya zare caja, ya ɗauka da daddare bayan unguwa ta lafa. Kuɗin farko da aikin ya kawo, ya nemi dainamik.